Ashirin da Tara Cikin Talatin

Ranar da Auta ta buɗe firij ta tarar da dutsen guga a ciki, kusa da robar madara, ba ta yi dariya ba. Da shi ne na farko, da ta yi. Amma kafin dutsen guga akwai famfon banɗaki da aka bari yana zuba har ruwa ya shigo falo. Akwai kuma ranar da mai aski ya rako Baba har ƙofar gida, ya ja ta gefe ya ce ya same shi tsaye a mararraba yana waige-waige, mutumin da ya shekara talatin yana bin wannan hanyar.

Ita ce ke zaune da shi tun rasuwar Inna. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku bai sauka ba, shagon ɗinkinta kuma yana jikin gidan, saboda haka ita ke gani. Yayanta kuwa, wanda ke zuwa ƙarshen mako ya zauna awa ɗaya su yi hirar duniya, ba abin da yake gani sai tsoho mai kaifin baki.

"Tsufa ne," in ji Yaya. "Ke ma rannan ba kin yi ta neman almakashi ba, yana rataye a wuyanki?"

"Tef ne, Yaya. Wa ke rataya almakashi a wuya? Kuma ban sa shi a firij ba."

Ta kai Baba asibitin unguwa, likita ya auna jini, ya rubuta maganin ƙara kuzari, ya ce a bar shi ya riƙa hutawa. A bangon asibitin ne ta ga takarda an liƙa: jami'a na neman dattawa don bincike a kan mantuwa da yadda tunani ke sauyawa, gwaji kyauta. Ta ɗauki hoton takardar da waya. A ranar kuma ta ɗauke makullin motar Baba ta jefa cikin gwangwanin maɓallai, ta ce masa ya ɓace.

Ɗakin binciken yana hawa na uku a asibitin koyarwa, ƙarshen wani dogon baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Tebur ɗaya, kujerun roba uku, durowar ƙarfe cike da fayil, sai hoton ƙwaƙwalwa a bango an raba ta biyu an shafa wa kowane sashe launinsa. Wadda ta karɓe su mace ce sa'ar Auta, mai tabarau, kowa na ce mata Dakta. Ta yi bayani a tsanake. Mutum ɗari uku suke bi har shekara biyar, a ga yadda tunani ke tafiya. Akwai rukunin masu lafiya, akwai na masu ciwon mantuwa, akwai na waɗanda suka daɗe da ciwon damuwa ko wata larurar ƙwaƙwalwa. Kowa zai riƙa dawowa bayan wata shida.

Baba ya karanta takardar amincewa tun daga sama har ƙasa, ya zaro jan biro daga aljihu ya sa waƙafi a inda aka manta, sannan ya sa hannu. Shekara talatin da huɗu ya yi yana koyar da lissafi a sakandare, har sunan ya bi shi, rabin garin Malam Lissafi suke ce masa.

"Baba, zan faɗi kalmomi biyar, ka riƙe min su. Gada, lemo, kujera, agwagwa, shuɗi."

"Agwagwa shuɗiya ta hau kujera a kan gada tana shan lemo," in ji Baba. "Sai me kuma, 'yata?"

Dakta ta yi murmushi. Ta ce ya zana agogo, ya zana shi kamar da kamfas. Ta ce ya cire bakwai daga ɗari ya ci gaba da cirewa. Ta ce ya isa bayan ya cire sau biyar, amma ina, sai da ya gangara har biyu, ya kuma sanar da ita cewa saura biyu ba sa ciruwa sai an shiga bashin lamba, in tana so su shiga. Kwanan wata kaɗai ya kuskure.

"Ɗan fansho ina ruwansa da kwanan wata? Duk ranakun Lahadi ne."

Ashirin da tara cikin talatin. Dakta ta rubuta, ta ɗauko koren fayil ta saka takardar.

"Koren na su wa ne?" Auta ta tambaya.

"Na masu lafiya. Gaskiya Baba ya fi wasu ɗalibaina."

Auta ta jira Baba ya fita neman banɗaki, sannan ta matso da kujerarta. Ta faɗi dutsen guga, ta faɗi famfo, ta faɗi mai aski. Dakta ta saurara, tana gyaɗa kai, amma biro na ajiye a kan tebur.

"'Yar'uwa, na ji ki. Sai dai mu abin da ma'auni ya nuna da shi muke rarraba mutane. In na bi son raina na sa shi cikin marasa lafiya, na ɓata binciken gaba ɗaya. Kuma nan ba ɗakin ganin likita ba ne, bincike muke yi."

"To ku zo gida ku bincika mana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Mu haɗu bayan wata shida," in ji Dakta.

A tasi Baba ya yi ta kallon waje ta taga. Sai da suka iso gida, yana cire takalmi, ya ce ba tare da ya dube ta ba, "Kin kai ni a ce na zare. To na ci jarrabawa."

Kafin la'asar labari ya kai wa Yaya, Baba da kansa ya buga masa waya. Yaya ya iso yana dariya tun daga ƙofa.

"Ashirin da tara! Auta, ni da ke in aka gwada mu za mu kai ashirin kuwa? Ashe ke ya kamata a bari a can." Da dariyar ta lafa sai ya rage murya. "Fito masa da makullin motarsa. Na san ke kika ɓoye. Masana sun ce lafiyarsa ƙalau, ke da keken ɗinki kin fi su sani ne?"

Ta cika ta yi fam, amma ba ta da takardar da za ta ɗaga. Ta juye gwangwanin maɓallai a kan teburin yanka, ta tsinto makullin ta miƙa masa.

Daga ranar ta ware littafi guda daga cikin waɗanda take rubuta awon masu ɗinki, ta shiga rubuta abin da ta gani, da rana da lokaci. Talata, ya tambaye ni sau huɗu ko mijina ya dawo. Alhamis, ya sa riga biyu, ɗaya kan ɗaya. Asabar, ya ci abinci, bayan minti ashirin ya ce an hana shi abinci tun safe, a gaban mai kawo ɗinki. Wannan ta fi yi mata ciwo, don matar ta bi ta da wani irin kallo, kuma ba ta sake kawo ɗinki ba. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne da baƙo ya shigo sai Baba ya miƙe tsaf, ya yi ta zuba zance da barkwanci, in ya manta sunan mutum ya ce masa "babban mutum", kowa ya tafi yana cewa tsohon nan bai tsufa ba. Baƙo na fita sai ya zauna kamar an zare masa laka, ya tambaye ta wane ne wannan.

Wata shida suka cika, ta rufe shago, suka sake hawa bene. An canza kalmomin, Baba ya sake ɗinke su cikin jimla ɗaya. Ashirin da takwas.

"Maki ɗaya ba komai ba ne," in ji Dakta. "Ko rashin barci na iya jawo shi."

Auta ta ɗora littafin a kan tebur. Dakta ta buɗe, ta wuce shafukan kafaɗa da ƙugu da tsawon hannu, ta iso inda aka fara. Ta karanta shafi ɗaya, ta karanta na biyu, ta cire tabarau ta murza ido.

"Fom ɗinmu ba shi da gurbin wannan."

"To ku yi masa gurbi."

"Ba haka ake yi ba. Duk tambayar da za mu ƙara sai kwamitin ɗa'a ya amince. Kwamitin kuma sau ɗaya yake zama a wata biyu, ya zauna makon jiya."

"Wato sai ya ƙone gida sannan kwamiti zai zauna?"

Daidai nan wani dogon mutum mai furfura ya leƙo, da kofin shayi a hannu. Shi ne Farfesa, shugaban binciken. Dakta ta yi masa bayani a taƙaice. Ya ɗaga littafin da yatsa biyu, ya duba, ya ce iyalai kan ga abin da tsoro ya nuna musu, shi ya sa kimiyya ta ƙirƙiro ma'auni. Ya gaisa da Baba hannu biyu, ya ce ai ƙanensa ɗalibin Malam ne, suka yi raha, ya wuce.

Auta ta miƙa hannu za ta ɗauki littafinta. Dakta ta dafe shi.

"Bar min shi. Ba a matsayin bincike ba. Ni dai ina so in karanta."

"Akwai awon mutane a ciki."

"Zan ɗauki hoton shafukan in aiko miki."

Ta aiko shi bayan kwana biyu, ba ko kalma. Auta ta ce a ranta, shi ke nan, an karanta an ajiye.

Bayan wata biyu, wata Laraba da hantsi, tana tsakiyar ɗora hannun riga, waya ta yi ƙara. Shugabar makarantar da Baba ya koyar ce. Ta ce kada hankalinta ya tashi, Malam yana wurinsu, lafiya lau, amma ta zo.

Auta ta leƙa gareji, wayam. Ba ta ma ji fitarsa ba saboda ƙarar keke.

Ta tarar da motar an ajiye ta daidai ƙarƙashin bishiyar da ya saba ajiyewa shekara goma sha biyu da suka wuce, sai dai madubin gefe ɗaya na reto. Shugabar, wadda ita ma ɗalibarsa ce a da, ta tare ta a baranda ta ba ta labari da murya ƙasa-ƙasa. Ya shigo ƙarfe takwas, ya wuce kai tsaye aji huɗu, ya tarar malaminsu bai iso ba, ya ɗauki alli. Yara suka ɗauka sabon malami ne. Ya yi minti goma yana koyarwa, tsit kake ji. Sai ya rubuta wani lissafi a allo, ya zo tsakiya ya tsaya. Ya goge, ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Sau uku. Yara suka fara ƙus-ƙus. Da ta iso ta same shi riƙe da alli yana kallon allon, ya juyo ya ce mata wani ya taɓa masa lissafi.

Yana zaune a ɗakin malamai, an ba shi shayi bai sha ba, garin alli har gwiwar hannu. Da ya ga Auta sai ya ce, "Me ya kawo ki makaranta? Wa ya bar ki kika fito daga aji?"

Ta kira Yaya ya zo ya ɗauki motar. Ya zo, ya zagaya ta, ya taɓa madubin, ya ce ai kewar aiki ce, duk wanda ya yi ritaya yana yin haka. Ta koma gefe ta kira Dakta, ta zazzage mata komai, ba gaisuwa.

"Na riga na kai wa kwamiti takarda tun ranar da na karanta littafinki," in ji Dakta. "Sau biyu suna dawo min da ita, wai ban sa lambar shafi daidai ba. Jiya suka sa hannu. Ki kawo shi Litinin, ki zo da abin da zai ci, za mu daɗe."

Ran Litinin, kafin a shigo da Baba, Dakta ta zaunar da ita. Ta ce ƙaramin gwajin nan kamar gajeren gora ne da ake auna rijiya da shi. Rijiyar da ba ta da zurfi, ruwa na raguwa gora zai taɓa ƙasa a gane. Amma rijiya irin ta Baba, ruwa zai iya sauka gaba biyu gora bai ji komai ba. Ta ce an san da haka a littattafai, masu ilimi da yawa sukan daɗe suna rufe ɓarakar da dabara, ita ma ta koyar da hakan a aji.

"Kin san da haka kika sa shi a koren fayil?"

Dakta ta ce, "Na sani a takarda. Da ya zauna gabana yana ba ni dariya, sai na manta."

An bar Auta ta zauna a kusurwa bisa sharaɗin ba za ta yi magana ba. Awa uku aka yi. Aka karanta wa Baba ɗan labari mai tsawon layi goma, aka ce ya maimaita, ya kawo rabi. Aka shiga wasu abubuwan, haɗa 'yan katako su yi daidai da hoto, lissafo sunayen dabbobi cikin minti ɗaya. Ya kawo bakwai, ya maimaita doki sau uku. Bayan rabin awa Dakta ta ce ya tuna mata labarin nan na ɗazu.

"Wane labari?"

"Wanda na karanta maka, Baba."

"Ba ki karanta min komai ba, 'yata. Da kin karanta da na ji."

Sai aka ba shi takarda mai lambobi da haruffa a warwatse, ya haɗa su da layi, ɗaya zuwa A, A zuwa biyu, biyu zuwa B. Ya fara da sauri yana murmushi. A huɗu ya tsaya. Ya koma baya. Ya ja layi zuwa biyar, ya ga ba daidai ba, ya nemi abin gogewa, babu. Dakta na riƙe da agogo. Auta na jin ƙarar fanka da numfashin Baba. Fensirin ya yi ta yawo a saman takardar bai sauka ba. Can Baba ya wurgar da shi, ya bugi durowar ƙarfe.

"Wannan ba lissafi ba ne, wasan yara ne! Wa ya shirya wannan shirmen?"

Wata takwas Auta na jiran ranar da wani zai ga abin da take gani. Ga ta ta zo. Ta sunkuya ta ɗauko fensirin daga ƙarƙashin kujerarta, ta rasa wanda za ta miƙa wa, ta riƙe shi a cinya har aka gama.

Aka yi hoton ƙwaƙwalwa a wani satin, aka ɗebi jini. Ranar sakamako Auta ta ce wa Yaya ko ya zo ko ta kai masa Baba ofis da jakar kayansa. Ya zo. Aka bar Baba a benci a baranda da jarida, su biyu suka shiga.

Farfesa ne da kansa ya juyo musu da fuskar kwamfuta. Ya nuna wani wuri a hoton da bakin biro, ya ce nan ya kamata ya cika, ga shi ya motse. Ya faɗi sunan ciwon, ya ce ya yi shekara uku ko huɗu yana tafiya a ɓoye. Yana magana idonsa na ƙyalli.

"Gaskiya irin su Malam muke nema. Ƙaramin gwaji ya ce lafiya, babban gwaji da hoto sun ce a'a. Wannan zai canza yadda muke tantance mutane. Za mu rubuta shi, ba da suna ba, ba shakka. Kuma daga yanzu duk wanda ya zo sai mun zauna da wanda ke kula da shi a gida."

"Allah ya sanya alheri," in ji Auta. "Shi kuma fa? Me za a yi masa?"

Farfesa ya dubi Dakta. Ita ta amsa. Ta ce za ta rubuta musu takarda zuwa asibitin ƙwaƙwalwa, akwai maganin da kan ɗan rage wa ciwon gudu a wasu mutane, amma ba ya warkarwa. Mota kam an gama. Gas da wuta sai da ido. Auta ta ce ta ji wasu mata a baranda suna zancen wani sabon magani da ake gwadawa a nan.

"Akwai," in ji Dakta, tana kallon tebur. "Na waɗanda ciwon bai yi nisa ba. An rufe ɗaukar mutane wata huɗu da suka wuce."

Auta ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi. "Da kun sa shi inda ya dace tun zuwanmu na farko, da ya shiga."

"Da ya shiga. Ba zan ɓoye miki ba. Amma ban san ko zai yi masa amfani ba, ba wanda ya sani tukuna, shi ya sa ake gwadawa. Rabinsu ma ba maganin ake ba su ba, ƙwaya ce mai kama da shi."

"Ko rabin ne ai da mun samu."

Farfesa ya ce yana da taro, ya yi musu fatan alheri ya fita. Yaya yana ta jujjuya takardar sakamakon, ya karanta gaba ya karanta baya. Da suka fito baranda ya tsaya, ya dube ta, idonsa ya yi ja.

"Amma Auta, ke da kike tare da shi kullum, me ya sa ba ki matsa musu ba tun farko?"

Ta dube shi kawai, har sai da ya sunkuyar da kai.

"Ba haka nake nufi ba," ya ce.

"Laraba da Asabar naka ne," ta ce. "Tun safe har yamma, ba awa ɗaya ba. Wanka, magani, abinci. In ya ce ba a ba shi abinci ba, kada ka yi gardama, ka sake ba shi kaɗan. Kuma kai za ka faɗa masa zancen mota, ni na gaji da zama muguwa."

"Laraba ina da aiki."

"Ni ma ina da shi."

Suka juya wajen bencin. Jarida na nan a ninke, Baba ba ya nan. Can ƙarshen baranda suka hango shi yana tafiya a miƙe, hannu a baya, ya wuce matakalar sauka ya nufi wata ƙofa mai jan rubutu da ke kaiwa ɗakin tiyata. Ƙafar Auta ta motsa da kanta, ta tsayar da ita.

"Baba!" Yaya ya kira. Baba bai waiwayo ba. Yaya ya dube ta, ta dube shi. Sai ya tura takardar a aljihu ya kwasa da gudu, takalminsa na santsi a kan tayil, yana kira yana ba ma'aikatan jinya haƙuri.

Auta ta zauna a bencin. Daga nan tana jin muryar Baba yana tambayar Yaya ko lafiya yake gudu a asibiti kamar yaro, da muryar Yaya yana lallashi, bai iya ba tukuna, yana ta bayani mai tsawo. Ta jingina kai da bango, ta bar su su ƙaraso da kansu.